Lurwanu da Kumbon Laka

A Allakaye, in ka ce gidan Lurwanu kake nema, sai an tambaye ka wane Lurwanu, don garin bai rasa masu sunan ba. Amma in ka ce mai kumbo, ko tsohuwar da ke tsince tsakuwa a cikin wake ba za ta ɗago kai ba, da baki za ta nuna maka hanya. Mutumin nan bai taɓa shiga jirgin sama ba har ya koma ga Mahaliccinsa, bai kuma taɓa zama a bencin makaranta ba. Duk da haka shi ne ya gina jirgin zuwa duniyar taurari a tsakar gidansa, da laka da hannu biyu, a ranin da ya biyo bayan kakar 1980.

Sana'arsa ginin rufewa ce, wato rumbun nan na laka mai ƙaton ciki da ɗan ƙaramin baki a sama, wanda mutanen Adar ke zuba gero a ciki. Kawunsa Kalla ne ya koya masa tun yana saurayi. Aikin ba ya son gaggawa ko kaɗan. Za a jera duwatsu, a kwaɓa laka da dakakkiyar ciyawa a bar ta ta kwana ta yi danƙo, sannan magini ya riƙa murza ta kamar igiya yana ɗorawa a zagaye. Ya ɗora kaɗan, ya tafi ya bar wa rana sauran aikin, gobe ya dawo. Daga ciki yake tsayawa, ginin yana tashi yana kewaye shi har ya haɗiye shi, ranar ƙarshe sai a ga kansa ya ɓullo ta baki. Daga nan a ɗinka jinka da shibci, ciyawar rufi, a ƙasa, maza su taru su ɗaga ta su kifa wa rufewar a ka. Ba a barin laka ta shiga damina da kai a buɗe, wannan kowa a Adar ya sani.

Lurwanu ya iya aikin har ya so ya fi malaminsa, kuma ya san ya iya, abin da ya sa gardama da shi ke da wuya ke nan. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai dariya da ƙarfi, mai taurin kai irin wanda in ya kafe sai dai a haƙura a bar shi. Idonsa kuma ba ya ganin abu ya ƙyale. Tulu, ƙwan zabo, gidan zanzaro a jikin bango, duk sai ya tsaya ya karkace kai yana duba ta inda zai fara da shi aka ba aikin.

Sai farin saba'in da uku ya zo ya share gonaki. Rufewoyi suka zama ɗakunan ɓeraye, daga baya su ma ɓerayen suka yi ƙaura. Wa zai kira magini ya gina masa sabon rumbu alhali wanda yake da shi iska ce a ciki? Lurwanu ya bi sahun mazan garinsu ya fara tafiya biɗa, wato ci-rani, zuwa Abijan. A gama girbi a hau kamiyo, babbar motar kaya, a yi dako a kasuwa duk rani, a dawo gida kafin ruwan farko. Shekaru ya yi yana wannan zirga-zirga, hannunsa ya saba da buhu ya kusa manta laka, abin kuwa yana cin ransa ko da bai gaya wa kowa ba.

Ranar da ya fara shiga silima a Abijan, ƴan ɗakinsu ne suka ja shi, suka ce masa akwai dambe a ciki. Babu dambe. Turawa ne sanye da fararen kaya suna ta zuba Faransanci, shi kuwa Faransancinsa bai wuce na korar mutane daga hanya in ya ɗauko kaya ba. Har ya fara gyangyaɗi, sai wani abu ya sauko daga cikin taurari a hankali, wuta na fita ta ƙarƙashinsa, ya dira a kan jar ƙasa mai duwatsu wadda ba ta da maraba da tudun bayan Allakaye. Fari fat, ƙaton ciki, ƙafafu uku, fukafukai gajeru a ƙugu, tagogi zagayayyu, kai mai tsini. Ƙofa ta buɗe, tsani ya zuro, mutum ya fito.

Lurwanu bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba.

"Kai! Wanga abu ai ruhewa ta! Wallahi ina iya gina ta!"

Mutanen baya suka yi masa ca, wani ya jefe shi da ɓawon gyaɗa, abokinsa ya ja masa riga ya zauna. Ya zauna ɗin, amma zuciyarsa ba ta sake zama ba.

Ya koma, ya sake komawa, har aka daina nuna fim ɗin. Labarin bai dame shi ba, har ya bar duniya bai san abin da ya kai Turawan can ba. Da ɗan tsinke yake shiga. Ya miƙa hannu, ya rufe ido ɗaya, ya auna mutumin da ke bakin ƙofa, sannan ya duba mutum nawa za a ɗora kan juna kafin a kai tsini. Uku da ɗan ɗori. Haka ya auna cikin, haka ya auna ƙafafu, haka tagogi. Wani ɗan garinsu da ya ɗan taɓa lakwal, wato boko, ya gaya masa sunan abin kumbo, ya kuma ce na cikin fim ɗin ba na gaske ba ne, wani ne kawai ya zauna ya ƙirƙira. Lurwanu ya ce madalla, in dai ɗan Adam ne ya ƙirƙira, to ɗan Adam na iya ginawa.

Ya dawo gida ya yi noma kamar kowa. Da aka gama ɗaure damman gero, maza suka fara haɗa jakunkuna, sai ya sami matarsa Tabawa tana tankaɗe a bakin ɗakinta.

"Tabawa, bana ba ni zuwa Abijan. Gini za ni yi."

"Na wa, Maigida?"

"Namu na. Kumbo."

Ya tsuguna ya zana mata shi a ƙasa da yatsa, yana bayani har numfashinsa na sarƙewa. Ta duba zanen, ta duba mijinta.

"Shina tashi?"

"Ba shi tashi."

"Hatsi za a zuba ciki?"

"A'a."

"To mi a amhwani nai?"

"A gan shi," in ji Lurwanu.

Tabawa ba mace ce mai yawan magana ba. Ta ci gaba da tankaɗe. Ita ta san abin da shi bai lissafa ba: laka ba ta kwaɓuwa da baki, da ruwa ake kwaɓa ta, rijiya kuma tana can gangare cikin kwari, kuma a garin nan ba namiji ke ɗaukar tulu ba. Amma ta daɗe ba ta ga idon mijinta yana haske haka ba, tun kafin fari. Washegari ta ɗauki tulu ta gangara.

Kawu Kalla ya zo ganin harsashi yana dogara sanda. Ya zagaya duwatsun, ya taɓa lakar, ya sansana, ya ce ta yi. Sannan ya nuna daji da sandarsa, inda ciyawa ke tsaye ta bushe ta yi ja.

"Lurwanu, ka yanki shibci tun yanzu ka aje. Ginin ga babba na, jinka tai babba za ta zama."

Lurwanu ya bushe da dariya. "Haba Kawu! Ka taɓa ganin kumbo da hula?"

"Ban taɓa ganin kumbo ba," in ji tsohon. "Laka nis sani."

"Wanga ba ruhewa ba ta, Kawu. Wada nig gan shi, haka za ni yi nai. Na rantse da Allah ba a aza mai shibci."

A gaban mutane ya faɗi wannan, da ƙarfi, yana buga ƙirji. Kalla ya juya ya tafi. Mutane suka yanki shibcinsu suka jibge a kan rumfuna, abin da ya rage dabbobi suka bi ta kai, Lurwanu kuwa ko lauje bai taɓa ba.

Amma kai, aikin ya yi daɗi! Wanda bai ga Lurwanu a ranin nan ba bai ga mutum yana murna ba. Tun sallar asuba yana cikin laka har gwiwa, yana waƙa da muryar da Allah bai yi don waƙa ba. Ƙafafu uku ya fara tayarwa, dutse a ciki, itacen ƙirya a tsakiya, ya shimfiɗa musu azara, sannan ciki ya fara buɗewa a kansu. Ɗoki ya taɓa kwasarsa ya ɗora zagaye da yawa a yini guda, abin da ko ɗan koyo ba zai yi ba, sai gefe guda ya lotsa ya zube masa a ƙafa. Ya zauna a kan tarkacen ya yi wa kansa faɗa da babbar murya har maƙwabta suka leƙo, sannan ya tashi ya sake kwaɓi.

Tabawa tana ta jigilar ruwa. Da fari ita kaɗai, tana tafe tana ƙunƙuni. Sai maƙwabciyarta Mairamu ta ce ba za ta zuba ido wuyan ƴar'uwa ya karye a kan haukan namiji ba, ta riƙa ƙara tulu ɗaya a kan nata. Daga Mairamu sai matan unguwa, wannan ta kawo yau, waccan gobe, kowacce ta juye ta tsaya ta yi wa maginin tsiya sannan ta tafi. Lokacin da cikin kumbo ya zarce katangar gida, har mai wucewa a hanya ya fara hango shi, Tabawa ta daina ƙunƙuni. A bakin rijiya sai a ji tana cewa, "Gobe za mu huda tagogi," kamar ita ma ta shiga silimar.

Tagogin da gilashin wani kamiyo da ya faɗi aka yi su. Lurwanu ya taka har Madawa, ya zauna a garejin wani makaniki yana ba shi labarin kumbo har mutumin ya gaji ya ce ya kwashe ya tafi. A ciki ya yi bene da azara, ya gina kujerar matuƙi da laka, ya jera murafan kwalba a gabanta, ja da kore da ruwan ɗorawa, ya kafa tsohon sitiyari. Ko na fim ɗin yana da sitiyari, shi kansa bai tabbata ba, amma ya ce abin hawa ba ya rasa wurin riƙewa. Bakin sama, wanda ta nan ya ɓullo ranar da ya gama, ya tayar masa da tsini ya rufe da marfin tano, wato gangar ƙarfe. Daga ƙarshe ya jiƙa farar ƙasa ya shafe shi tun daga ƙafa har ka.

Ranar da farin ya bushe, rana ta faɗa a kansa, Allakaye ta tsaya cik. Abin yana tsaye a tsakiyar gidajen ja, fari ƙal, yana ƙyalli har ido ba ya iya jurewa. Ranar kasuwa mutanen Buza suka zo, na Galma suka zo, direbobi suka riƙa tsayar da mota suna sauke fasinja su je su gani. Wani mai hoto daga Madawa ya yini yana ɗaukar mutane a bakin tsani. Tsofaffi suka hau suna salati, suka zauna a kujerar matuƙi suka ƙi tashi. Lurwanu yana tsaye a ƙofa, ya sa rigar sallarsa, yana nuna wa kowa inda wuta ke fita da inda ake hango taurari, bakinsa ya ƙi rufuwa. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba.

Sai bazara ta shigo, gajimare ya fara leƙowa ta gabas.

Wata rana da hantsi, ba kowa a gidan, ya hau da buta ya ɗaga marfi, ya tsiyaya ruwa a kan tsinin don ya gani. Farin ya zubo kamar nono. Ya danna babban yatsa, yatsan ya nutse. Buta ɗaya ke nan. Ya san abin da ruwan sama zai yi: zai ci tsinin, ya buɗe baki, ya zuba ciki, ya jiƙa bene, cikin ya cika ya tsage, kafin a yi noman fari kumbo ya zama tudun laka. Ya san wannan tun ranar da Kalla ya yi magana, ya dai ƙi saurara ne.

A ɓoye ya fita neman shibci, yana cewa a gida zai je duba wani aiki. Ina! Wa ke samun shibci a bazara? Ya zaga ƙauyuka, ya kai har kasuwar Bangi, inda ya tarar da Hamma, wani Bafulatani da suka saba tun suna samari. Hamma ya saurare shi, ya yi dariya har ya riƙe sandarsa da hannu biyu.

"Shibci? Yanzu? Lurwanu, shanuna tsohuwar jinka suka ci, ita ma roƙonta niy yi. Daga nan har Keita ba ka samun abin ɗaure tsintsiya. Ka jira kaka."

Kaka kuwa tana bayan damina. Duk shibcin da ke ƙasar yana kan ɗakin wani ko rumbun wani, kuma ba mai hankalin da zai tuɓe wa ɗakinsa hula hadari na tafe. Ko da akwai, da wane baki mai rantsuwa zai roƙa? Ya dawo gida ƙafa duk ƙaya, ya ce wa Tabawa aikin bai yiwu ba. Ta dube shi, ta zuba masa ruwan wanka.

Ruwan shekarar ya yi jinkiri. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse, har liman ya ce a fita roƙon ruwa. Lurwanu ya fita da kowa, ya tsaya a sahu, ya ɗaga hannu. Yana da ƴaƴa, yana da gona, ya ga farin saba'in da uku da idonsa, ya san abin da rashin ruwa ke yi wa gida. Da gaske yake cewa amin. Amma kowace amin in ta fita sai ya ji kamar da hannunsa yake rushe kumbon, ya kuma ji kunyar Allah da ya sami kansa yana tsoron rahama. A duk sahun nan shi kaɗai ne abin da ake roƙo zai yi wa ɓarna, kuma ba wanda ya jawo masa sai bakinsa. Ya rame, dariyarsa ta ɗauke.

Da jira ya yi yawa, maza suka yanke shawarar yin binne, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa a can. Gari ya watse zuwa gonakin tudu, ba a bar kowa a gida ba sai mata da tsofaffi. Suna cikin haka, wata rana bayan azahar, iska ta tsaya cak. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, tsawa ta yi gunji daga nesa, sai ga wata iska mai sanyi ɗauke da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wannan ba mai watsewa ba ne. Maza suka ɗaga sungumi sama suna kabbara, wasu suna tsalle. Lurwanu ya yar da nasa ya zuba da gudu.

Bai san abin da zai yi in ya isa ba. Tabarma zai rufa? Iska za ta ɗauke. Rigarsa? Shi dai gudu yake yi, yana tuntuɓe da duwatsu, kumbo yana can gabansa fari fat a jikin baƙin hadari, bai taɓa yin kyau irin na lokacin ba. Tun kafin ya kai ƙofar gida ya ji guɗa.

Gidan cike yake da mata. Tabawa tana tsaye a kan kifaffen turmi da wuƙa a hannu, tana yanke igiyoyin da suka ɗaure jinkar ɗakinta da bango. Kawu Kalla yana zaune a kan kujera ƴar tsugune a tsakar gida, yana nuna wa kowace inda za ta kama.

"Tabawa! Mi a wanga? Ɗakinki na hwa!"

"Na sani," ta ce, ba ta ko waiwayo ba. "Ruwan da ac cikin lakar ga, bisa kaina yaz zo, da ni da matan ga. Wuyana bai bar ciwo ba har yau. Ba ni tsayawa ina kallo shi narke."

"Na rantse gaban mutane..."

"Rantsuwa tana da kaffara, Maigida. Ka yi azuminka bayan shuka. Ɗauki igiyar guga ka hau!"

Wata tsohuwa daga bakin ƙofa ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin mata sun ɗaga jinka ba. Mairamu ta ɗaure zane a ƙugu ta ce to Inna ki buɗe ido da kyau, yau za ki gani. Lurwanu ya dubi kawunsa. Tsohon bai yi masa gori ba, bai ma dube shi ba, sama yake kallo.

"Hau, ɗana," ya ce. "Ba mu da lokaci."

Ya hau. Ya bi tsani, ya haye bene, ya ture marfin tano, ya fito da rabin jikinsa ta baki, iska tana neman fizge shi. Daga can ya ga abin da bai manta ba har ƙarshen ransa. Kalla ya ɗaga sanda ya yi kiran da ake yi wa maza, mata suka amsa da murya ɗaya, jinka ta rabu da bango ta tashi. Ta taho tsakar gida tana tangaɗi, ba a ganin komai a ƙarƙashinta sai ƙafafu da bakin zannuwa. Iska ta shiga cikinta ta juya su gaba ɗaya, suka yi wajen turken awaki suna ihu suna dariya, Mairamu tana zagin iskar, Kalla yana buga sanda a ƙasa yana cewa dama, dama, ku yi dama! Suka dawo da ita gindin kumbo.

Ya jefa igiya, Tabawa ta cafe ta ɗaure a ƙoƙuwar jinkar. Ya ja. Nauyi kamar zai tsinke masa kafaɗa. Mata suka tura da taɓare, da taɓare suka gaza suka tumɓuke gwafannin rumfa suka ci gaba da turawa, masu ƙarfin hali suka haye fukafukan kumbo suna tallafawa da ka. Jinka tana jan jiki a kan farin bango, tana hawa, tana tsayawa, tana hawa. Ɗigon farko ya faɗo masa a goshi, ƙato, mai sanyi. Na biyu ya faɗi a kan tsini ya bar tabo.

"Ja, Lurwanu!" in ji Kalla, da muryar da ba a san yana da sauranta ba. "Ja ka nutse ciki!"

Ya tattara abin da ya rage masa ya ja, ya sulale ciki da igiyar a hannu. Duhu ya rufe shi. Ya ji wani ƙaton abu ya kifu a sama da kansa, ya girgiza, ya zauna. Ya ɗaure igiyar a azarar bene, ɗauri uku. Daga waje guɗa ta tashi, irin wadda ko a gidan biki bai taɓa jin ta ba, sai sama ta tsage ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Mata suka hawo tsani a guje, jiƙe sharkaf, aka ɗago Kalla aka shigo da shi. Kumbo ya cika da hayaniya da warin jiƙaƙƙen zane. Lurwanu yana bisa bene shi kaɗai, ya shafa bango ta ciki, ya zagaya ya sake shafawa. A bushe. Ruwa yana bin shibci yana zuba can nesa da jiki. Ya fashe da dariyarsa ta da, har na ƙasa suka amsa masa.

Sannan ya leƙa ta taga, dariyar ta tsaya.

Ɗakin Tabawa yana ƙasa da baki a buɗe, ruwa yana zuba a ciki. Yana ganin gadonta, yana ganin tabarmar sallarta tana yawo, kwanonin da ta jera tun na aurenta suna cika suna tumbatsa. Bakin bangon ya yi baƙi ya fara zubewa. A ɗakin nan ta haifi ƴaƴansa duka, kuma babu shibcin da za a sake rufa shi sai kaka. Ba ta tsaya fitar da ko tsinke ba, don lokacin bai isa a yi duka biyun ba. Hawaye ya zubo masa, bai kuwa share ba.

"Tabawa," ya kira ta daga sama. "Ɗakinki..."

"Na gani," ta ce. "Sauko ka kwaso muna abin da ka iya. Nan za mu zamna."

Da maza suka dawo daga gona cikin ruwa suna waƙa, sai suka tarar da kumbo sanye da jinka, ta ɗan karkace hagu, maginin kuma yana hawan tsani da kwanonin matarsa a ka. Duk garin an ji rantsuwarsa, kuma mutanen Allakaye ba su san barin tsiya ta wuce su ba, amma ranar ba wanda ya ce uffan. Suka ajiye sungumi suka taya shi kwasa. Kafin magariba bangon ɗakin ya kwanta.

A cikin kumbo suka yi daminar, da wadda ta biyo, don da ya tashi sake gina mata ɗaki Tabawa ta ce ta saba da tagogi. Ya yi azumin kaffararsa. Aikin rufewa ya dawo masa har ya fi ƙarfinsa, bai sake hawa kamiyon Abijan ba. Baƙi kuma ba su daina zuwa ba har ƙarshen shekarun tamanin, kuma a cikinsu ba a rasa wanda ya ga silima, wanda zai ja baya ya riƙe ƙugu ya ce ginin ya yi kyau, sai dai hular nan ta ɓata shi, na ainihi ba su da ita.

Lurwanu, wanda da can zai yini yana gardama a kan abin da bai kai wannan ba, sai ya bar mutum ya gama tsaf.

"Ɗakin matata na," yakan ce. "In za ka shiga, tuɓe takalmi."